Zuwa ga Babana, kan maganar gidauniyar nan

Assalamu alaikum Babana, ina fata kana lafiya kai da iyalinka da 'yan jikokina. Mu nan Jos alhamdulillah, sai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa.

A waya ba na samun gama magana da kai, kullum kana hanya ko ana jiranka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta a nutse idan yara sun yi barci. Maganar da ka min ce ta ajiye aikinka ka buɗe gidauniya. Toh da farko dai Allah ya yi maka albarka, wallahi na ji daɗi har cikin raina. Mutanen nan na Durumi da Kuchingoro da kuke zuwa wajensu, yawancinsu daga Gwoza suka gudo, sun fi shekara 10 a rumfunan leda da buhu a tsakiyar Abuja, duk wanda ya tuna da su ya yi abin kirki, kuma ban haifi ɗan da zan hana shi alheri ba. Amma akwai abin da nake so ka gane tun kafin ka sa hannu a kowace takarda. Kyautar da ka yi daga aljihunka tsakaninka da Allah ne, ba wanda zai tambaye ka. Ranar da ka ce wa jama'a ku kawo in kai muku, ka ɗauki amana kenan, kuma ni na riƙe irinta na san nauyinta.

Kana ƙarami lokacin rikicin Satumban 2001, ba lallai ka tuna yadda gidaje suka cika da zawarawa da marayu ba, ana cikin wannan kuma kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, mutanen da su ne ke ba da sadaka suka wayi gari su ma suna nema. A lokacin muka fara haɗa kuɗi mu matan unguwa, aka ɗora min ma'aji. Muka ga rikicin 2008, muka ga na 2010, muka ga ambaliyar Rikkos a 2012. Abin da na lura da shi a duk waɗannan shi ne, satin da abu ya faru kuɗi da kaya har rasa wurin ajiyewa ake yi, katifu, barguna, buhunan masara, kowa zuciyarsa ta yi laushi. Bayan wata uku kuwa ka nemi mutum ɗaya ka rasa, alhali maraya kuɗin makarantarsa duk zango yana nan, mai ciwon suga maganinta duk wata yana nan. Haka azumi, kowa na son ciyarwa, da an sha ruwa an yi sallah shikenan sai wata shekara. Kuma mutanenmu, Allah ya saka musu, sun fi son abin da ido zai gani, buhun shinkafa ko rijiyar burtsatse da allo a jiki. Ka ce a ba ka kuɗin man motar da za ta kai shinkafar, ko hayar ɗakin ajiya, ko ɗan abin da za ka ba yaron da ya wuni yana sauke kaya, nan take za a fara kallonka wani iri.

Na ji kana cewa idan kun yi rajista za ku nemi tallafi daga waje. Ka nema, ban hana ba, amma kar ka jingina rayuwarka da shi. Ai da idonka ka gani, a Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rufe USAID, hukumarsu ta ba da tallafi a ƙasashen waje, ɗungurungum, matasa nawa a Abuja da Maiduguri aka sallama daga aiki, har wuraren kula da yara masu tamowa sai da wasu suka tsaya. Waɗannan manyan ƙungiyoyi ne masu ofis da motoci, ina ga taka da ko suna ba ta gama samu ba. Ga kuma tsadar gida, kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1000, buhun shinkafa ya taɓa wajen naira 100,000 a wasu kasuwanni. Masu bayarwa sun ragu, masu nema sun ƙaru, kuɗin da ke hannunka kuma ba ya sayen rabin abin da yake saye da.

Yanzu maganar da ta fi damuna a ɓangaren kuɗi, ƙanwarka ta nuna min a Facebook lambar asusunka na kanka kake sakawa mutane suna turowa. Dan Allah Babana ka daina daga yau. Na san ba za ka ci ko sisi ba, ni na raine ka, amma kuɗin jama'a ya gauraya da albashinka, ka sayi gas ɗin girki da katin nan, gobe ka sayi maganin mara lafiya da shi, kai kanka wata rana ba za ka iya rantsuwa kan wanne ne wanne ba. Mu da ba mu da kwamfuta ba mu da komai, littafi ne mai bangon kwali, duk Juma'a bayan la'asar mu biyu, ni da ɗaya daga cikin matan, muke zama a kan tabarma mu zazzage jakar, ita ta ƙirga ni in rubuta sannan mu sauya, kowane rasit ko na naira 50 ne sai na maƙale shi da fil a shafinsa. Akwai ranar da wata ta tashi a taro ta ce ana cin kuɗin marayu, ban ce mata uffan ba, na miƙa mata littafin na ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Da babu littafin nan da sunan gidanmu ya ɓaci a unguwa, da kai ma ka tashi da tabon.

Saboda haka ka yi abin bisa ƙa'ida. Rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da sunayen amintattun da za su kula da gidauniyar, a buga a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ja, ka karɓi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, don banki za su nema, kuma duk shekara akwai rahoton da ake kaiwa, dokar kamfanoni ta 2020 har ta ba CAC ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana. Asusun ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Amintattun kuma kar ka cika su da abokanka da kuke shan shayi tare, ka sa dattijo ko dattijuwa da za ta iya kallon idonka ta ce ban yarda ba. Zakka ka ware ta daban da sadaka, domin ita Allah da kansa ya lissafa mutum takwas da za a ba a cikin Suratut Tauba, ba a gina ofis da ita don mutum ya ga dama. A cikin takwas ɗin nan akwai masu aikin tattara ta, kaga kenan biyan ma'aikaci haƙƙinsa ba abin kunya ba ne, abin da ke jawo zargi shi ne a ɓoye. Ku rubuta a fili, kaza ne albashi kaza ne mai, wanda zai bayar ya bayar da saninsa.

Sai hotuna. Na ga wanda kuka saka, mata a layi kowacce da ledarta an ce ta ɗaga sama. Raina bai so ba Babana. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da mijinta yana da shago a Terminus kafin gobara, mace mai rufin asiri, ta zo rabon da wasu baƙi suka kawo, tana ganin an ɗaga kyamara ta ja hijabinta ta rufe fuska ta fita daga layi ta koma gida hannu rabbana, yaranta kuma ba su ci komai ba tun safe. Da dare muka kai mata. Na san za ka ce masu turo kuɗi suna son shaida, gaskiya ne, toh ku ɗauki kayan, ku ɗauki rasit, ku ɗauki motar, fuskar mutum kuwa sai da yardarsa, kuma yardar mai jin yunwa a gaban buhun shinkafa ka yi mata uzuri, ba zai iya cewa a'a ba. Allah ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni a wajena yaro ya girma ya tarar da hoton uwarsa yana yawo a intanet tana karɓar taliya cutarwa ce.

Kuma kar ku kuskura ku yi shelar rabo a tara mutane wuri ɗaya. A Disamban 2024 a Maitama da ke Abuja mutum 10 suka rasu a turmutsutsin rabon abinci a wata coci, a cikin wannan satin dai yara 35 suka mutu a Ibadan, wasu 22 a Okija. Dukkansu da niyyar alheri aka tara su. Ku bi ta hannun shugabannin sansani ko mai unguwa da liman da fasto, a rubuta sunaye, a kai wa mutane har ƙofa ko a kira su kaɗan kaɗan. Kai ɗan Jos ne, ka san abin da bambanci ya yi wa garin nan, sadakarka kar ta tambayi mutum inda yake ibada.

Toh yanzu gida, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

Babanku Allah ya jiƙansa, ka san hannunsa. Ba a taɓa rufe zaurenmu ba, almajiri, baƙon da mota ta kwana da shi, ɗan garinsu da ya zo asibiti, kowa nan ne masaukinsa, kuma har yau ina cin albarkacin wannan, mutanen da ban sani ba suna tare ni a Farin Gada su rage min kuɗin kayan miya don shi. Ina alfahari da shi. Amma ni ce a madafa, ni na san daren da na ƙara ruwa a miya don ta kai, ni na san zangon da aka koro yayarka daga makaranta saboda kuɗin ya tafi asibitin wani. Ba ƙorafi nake ba, da zuciya ɗaya na yi. Ina faɗa maka ne don duk mai kyauta akwai wanda ke biyan rabin kyautar a cikin gida ba a ganinsa, a gidanka kuwa matarka ce da yaran nan. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakani da Allah, kar ka sanar da ita bayan ka gama yanke shawara. Hayar Abuja ba ta jiran kowa, mai gida ba zai karɓi lada a madadin kuɗinsa ba. Manzon Allah SAW ya ce a fara da waɗanda ke ƙarƙashinka, kuma da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya so ya ba da yawancin dukiyarsa, kashi ɗaya cikin uku aka yarje masa, aka ce shi ma da yawa ne, barin magada da wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Gwaggonka ta Gangare ƙafar nan ta hana ta fita, ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙe ka ba, ka san halinta, amma tana jin labarin ɗan ƙaninta na rabon abinci a Abuja. Sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Ban ce ka bar 'yan gudun hijira ba, na ce kar na nesa su rufe maka ido daga na kusa don shi na kusa ba mai yaba maka a kansa.

Ɗaya gefen kuma ka shirya masa. Da an ji ka buɗe gidauniya dangi za su ɗauka kuɗi ya zo gida, mai aurar da 'ya, mai neman jari, mai son kujerar Umra, duk za su kira ka, wasu ma ta wajena za su biyo. Nan ne za ka ji zafi, don cewa Kawu a'a ba wasa ba ne. Abin da za ka iya daga albashinka ka ba su da fara'a, kuɗin gidauniya kuwa ko ni na roƙa ka hana ni, na yafe tun yanzu. Kaga wannan ma wani dalili ne na riƙe aikinka, wanda ba shi da nasa, hannunsa ya fi saurin kaiwa ga na jama'a ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Shawarata ka ci gaba da aikinka, gidauniyar ta fara da ƙarami. Ku zaɓi abu ɗaya da za ku iya riƙewa, ko karatun wasu marayu ne har su gama, ya fi ku taɓa ko'ina ku saki. Ku nemi mutane na gida da za su ɗauki alkawarin wani abu duk wata komai ƙanƙantarsa, su ne za su tsaya da ku bayan sallah. Idan Allah ya buɗa ku yi tunanin waƙafi, shago ko gida da hayarsa za ta riƙa shigowa, irin yadda Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara ana cin amfaninta asalin yana nan. Ranar da gidauniyar ta iya biyan ma'aikata daga abin da ke shigo mata a tsaye, sai mu sake maganar ajiye aiki, da ni da Baffanka da matarka duka.

Ka yi istihara kafin komai. Ka kira Gwaggo ranar Juma'ar nan, kuma ka cire lambar asusun nan daga Facebook yau ɗin nan in ka karanta. Idan za ku zo ƙarshen wata ka taho wa yaran da rigunan sanyi, kar ku yi dare a hanyar Akwanga. Ka gaida min 'yata da kyau, ka ce ina son magana da ita ita kaɗai a waya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare min ku.

Mahaifiyarka,
daga Jos.