Rahoton Ayyukan Shekara: Abinci Mai Gina Jiki a Teburan Masu Sayarwa a Zariya

Assalamu alaikum iyayenmu, shugabanni da sauran membobi.

Bana ƙungiyarmu ta sa ƙarfinta a kan abu guda: shawo kan masu sayar da abinci su ƙara abin da ke gina jiki a gefen wanda suka saba sayarwa, ba tare da mun hana su komai ba. Mun yi aiki da mata masu abinci a Samaru da Kongo, da bakin kasuwar Sabon Gari, da ƙofofin wasu makarantu a Tudun Wada da cikin Birni. Abin da aka ƙara duk namu ne na gida: dambu da zogale, kwaɗon rama, faten wake, awara, yankan kankana, sai zoɓo da kunun aya masu ƙarancin sukari.

A Samaru da Kongo abin ya karɓu nan da nan. Ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, musamman waɗanda likita ya riga ya ja wa kunne kan hawan jini ko ciwon sukari, su ne ke fara ƙarar da kwaɗo da kankana, kuma ƙarin kuɗin bai dame su ba. Dama suna neman irin wannan abinci, rashinsa ne ya hana su.

A kasuwa labarin ya sha bamban, kuma nan ne muke so membobi su tsaya su duba. Ɗan dako ko mai Keke Napep zai leƙa robar kwaɗo, ya tambayi kuɗinta, sannan ya ce, "Hajiya, zai riƙe ciki zuwa la'asar?" Daga nan sai ya koma kan taliya da manja ko garin kwaki. Ba jahilci ba ne, ya san amfanin zogale sarai. Mutumin da kwano ɗaya zai ci da rana ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba ya ƙosarwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum, amma yaya magidanci mai 'ya'ya da yawa zai cika wannan a irin wannan hali? Idan muka tsaya a ƙara zaɓi kawai, mai albashi ne zai ƙara lafiya, talaka yana nan inda yake.

Inda muka ga canji a wurin masu ƙaramin ƙarfi shi ne inda aka gyara kwanon da suka saba saya, kuɗin bai motsa ba. An ƙara wake a shinkafa, an yanka alayyafo da kabeji a kai, an rage dunƙule aka sa daddawa. Babu wanda ya mayar da kwanonsa. Hakan ya yiwu ne saboda mun haɗa matan suna sarin ganye tare daga masu lambu a fadamar Galma.

Wajen abin sha, harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da ya fara aiki a 2022 bai hana yara sha'awarsa ba. Zoɓo mai sanyi a ƙaramin ƙulli ne ya ja su. Sai dai tsaftar ruwa da robobin da ake sake amfani da su na damunmu ƙwarai, don haka muka koyar da tafasa ruwa da wanke roba da sabulu.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a taron gaba ɗaya. A nan ne kuma za mu nemi amincewarku a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don sarin wake da waken suya lokacin kaka, a riƙa ba matan kasuwa a kan farashin sari idan damina ta yi tsakiya.