A Bar Mutanen Lenape Su Zana Gidansu Da Kansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci a kan al'ummar Lenape, 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke zaune a inda yau ake kira New Jersey da gabashin Pennsylvania da tsibirin Manhattan.

Da yaudara aka raba su da ƙasarsu. A shekarar 1737 'ya'yan William Penn, Baturen da ya kafa Pennsylvania, suka fito da wata takarda da ta ce an sayar wa mahaifinsu da ƙasa iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi, sannan suka sa aka share hanya, suka yi hayar masu gudu, suka haɗiye eka fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka yi ta kora su yamma, shi ya sa a yau jikokinsu suke warwatse a Oklahoma da Wisconsin da Ontario ta Kanada, ko da yake wasu ba su taɓa barin gida ba.

A shekarar 2023 eka 63 na daji a gundumar Salem ta New Jersey suka koma hannun wata ƙungiya ta 'yan ƙabilar Nanticoke Lenni-Lenape da ke zaune a yankin, da niyyar kafa cibiyar ilimi da al'ada. Abin farin ciki ne, amma fargabata ita ce kada irin waɗannan cibiyoyi su zama gidajen tarihi na 'yan yawon buɗe ido, inda ake jera tukwane da kwari da baka a cikin gilashi kamar masu su sun ƙare.

A ganina, ɗakin koyon harshe ya kamata a fara ginawa, domin Edward Thompson, wanda shi ne na ƙarshe da ya tashi da Unami, ɗaya daga cikin harsunan Lenape biyu, a bakinsa, ya rasu tun 2002, ɗaya harshen kuwa, wato Munsee, masu jin sa ba su taka kara sun karya ba. Bayan haka a ware gona inda yaro zai shuka masara da wake da kabewa wuri ɗaya, ya ga da idonsa yadda waken ke hawa karan masarar, ganyen kabewar kuma yana rufe ƙasa don kada laima ta gudu. A kuma tanadi masauki, saboda dattijuwar da ta taso daga Oklahoma don ganin ƙasar kakanninta ta kwana a can ba tare da biyan kuɗin otal ba.

Akwai abin da ba hurumin mai zanen gini ba ne. Babban ɗakin ibadarsu, mai ƙofa gabas da yamma da fuskoki sassaƙaƙƙu a jikin ginshiƙai, rabon da a yi cikakken bikinsa tun 1924. Ko za a kwaikwayi siffarsa ko za a bar shi, dattawansu ne za su yanke, musamman mata, tunda a wurinsu ta wajen uwa ake bin dangi, kuma a zauna da su tun kafin a ja layin farko a takarda.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya