Edita, a sama wa wasan ces ɗan lungu a shafin wasanni

Assalamu alaikum Edita. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'ar ofis. Allah ya ƙara basira.

Roƙo ne na kawo, kuma ba babba ba ne. Shafinku na wasanni kullum ƙwallo ne daga sama har ƙasa, wane ya koma wace ƙungiya, an kori koci wane, to ba laifi, mu ma muna kallo, amma dan Allah ku ware ɗan lungu ko da faɗin tafin hannu ne ku riƙa sa kacici-kacicin wasan ces duk sati, irin wanda za a zana allo a ce fari ne da tafiya, ya kashe sarki a taku biyu. Kuma mai sauƙi nake so ku fara da shi, a nan ne ma muka yi musu da wani abokina a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, shi wai kacici-kacicin da aka ciro daga wasan da ɗaya ya riga ya danne ɗaya ɓata takarda ne, tunda ai an riga an ci wasa mi kuma ya rage. Na ce mishi a'a malam, ba a ci wasa ba sai sarki ya rasa gidan shiga.

Bari in ba da misali da wanda duk mai koyon ces sai ya haɗu da shi. A shekarar 1858 a birnin Paris na Faransa, wani matashi ɗan Amurka mai suna Paul Morphy, yana da shekara 21, ya buga da wasu manyan masu sarauta su biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard, suna shawara da juna a kansa, a cikin gidan kallon waƙe-waƙe ana tsaka da wasa. Taku 17 kacal ya gama da su. Ga yadda allon yake saura taku biyu, mai allo a gida ya jera ya gani da idonsa. Kowane gida a allon sunansa harafi ne da lamba, haruffa a zuwa h daga hagun fari zuwa damansa, lambobi 1 zuwa 8 daga wajen fari zuwa wajen baƙi.

Fari yana da sarki a c1, sarauniya a b3, hasumiya a d1, bishof a g5, sai sojoji a a2, b2, c2, e4, f2, g2, h2. Baƙi kuma sarki a e8, sarauniya a e6, hasumiya a h8, bishof a f8, doki a d7, sojoji a a7, e5, f7, g7, h7. Fari ne da tafiya.

In ka tsaya ƙirgen 'ya'ya sai ka ce ai baƙi ne ma a gaba, don yana da doki wanda fari ba shi da shi. Amma dubi allon da kyau. Hasumiyar baƙi da bishof ɗinsa tun da aka fara wasan ko motsi ba su yi ba, suna nan inda aka jera su, sarkinsa kuma yana tsakiya a tsaye ba mafaka. Shi kuwa fari duk abin da ya rage mishi yana bakin aiki. To ina kisan yake? Gidan d8. Bishof ɗin g5 yana kallon e7 da d8, hasumiyar d1 tana son hawa d8, abu ɗaya ne ya tare mata hanya, wanga doki na d7. Shi kenan tambayar ta koma yaya za a tada dokin daga wurin. Sai ka tura sarauniya b8, cek, wato an kai wa sarki hari dole a kare shi. Sarki ba ya iya zuwa e7 ko d8, ba kuma wanda zai shiga tsakani tunda dokin nasu da kansa ya toshe wa sarauniyarsu hanyar c8, dole doki ya ci sarauniya. Da ya tashi layi ya buɗe, hasumiya ta hau d8, sarki ba zai ci ta ba saboda bishof na tsaronta, d7 nata ne, e7 na bishof, f7 da f8 nasa ne suka cika. An gama.

Wallahi ranar da na jera wa yaran unguwarmu wannan, kusan dukkansu sun ga b8 ɗin amma hannunsu ya ƙi zuwa, wai a ba da sarauniya kyauta? Ɗaya har ya ɗauke ta ya kai rabin hanya ya maido. Abin da mai sauƙin ke koyarwa kenan, ka fara duba duk wani cek da kake da shi ko da ya yi kama da hauka, ka ƙirga gidajen da sarki zai iya gudu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tambayi kanka wane ne ke gadin ƙofa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da abokin nawa ya manta. Wanda ya danne wasa shi ya fi saurin sakaci. Na ga wani yaro ɗan sakandare ya cinye wa abokinsa komai da komai, saura sarki tilo a lungu a h8, shi kuma yana da sarki a h6 da sarauniya a a7, yana ta dariya yana kiran mutane su zo su gani. Maimakon ya kai ta g7 a tashi, sai ya tsaya a f7 wai bari ya ƙara matse shi tukuna. To sarkin baƙi ba a cek yake ba, kuma ba shi da gida ko ɗaya da zai taka, a dokar ces wannan canjaras ne, ba wanda ya ci. Gida ɗaya tak tsakanin f7 da g7. Yaron nan har rantsuwa yake an cuce shi, sai da aka buɗe mishi doka a waya. Da ya saba warware irin waɗannan 'yan ƙanana da idonsa ya kama g7 tun kafin ya miƙa hannu.

Kuma Edita kada a ce wasan baƙo ne ba mu da masu shi. Mutanen da suka tashi suna kallon dattawa na buga dara a ƙasa gindin bedi da tsinke da tsakuwa, a yi shiru ana lissafin taku uku gaba, ba za a ce ces ya fi ƙarfin kansu ba, gida 64 ne da 'ya'ya 16 kowane ɓangare. Ga Tunde Onakoya da ya kafa Chess in Slums a Legas a 2018 yana koya wa yaran talakawa, a 2024 ya zauna awa 60 yana bugawa a Times Square ta New York duniya na kallo. Ga Tani Adewumi da iyayensa suka bar Najeriya, ya ci gasar yara ta jihar New York a 2019 yana shekara 8. Gukesh na Indiya ma da ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 shekararsa 18. Mu a nan Katsina yaran suna nan, wasu na bugawa a Lichess da Chess.com in data ta samu, amma bayanin duk da Turanci ne, wanda bai ji ba sai dai ya yi ta tura 'ya'ya da ka.

Don haka in za ku yi, a zana allon da girma yadda baƙi da fari za su bambanta a takarda, a sa haruffa da lambobi a gefe, amsa kuma a bari sai sati na gaba da bayani cikin Hausa, ba jerin lambobi kawai ba, a faɗi dalilin kowane taku. A fara da kisa a taku ɗaya na 'yan makonni kafin a hau biyu. In babu mai haɗa muku a ofis ni zan riƙa turowa, ba sai an biya ni ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina