Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'ar André Salifou ta Damagaram

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A 1987 Janar Ali Saibou ya naɗa Hajiya Moumouni Aïssata sakatariyar ƙasa, ta zama mace ta farko a cikin gwamnatin Nijar, shekara 27 bayan samun ƴancin kai. A 1989 ta zama minista mai kula da jin daɗin jama'a da ci gaban mata. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi zanga-zanga a Yamai, don mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, taron da Farfesa André Salifou, mai sunan jami'arka, ya shugabanta. Wannan duk yana rubuce. Amma matan unguwannin Birni da Zango da suka bi gida-gida tun zamanin jam'iyyun Sawaba da RDA, suka yi girkin taro, suka tara kuɗin ashobe, ina nasu labarin? Yana bakin tsofaffi, kuma kowace shekara sai an rasa wasu.

Roƙonmu, jami'a ta naɗi muryoyinsu. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, sai dai kula.

A tura ɗalibai biyu kowane gida, mai tambaya ta kasance mace, domin namiji a zaure zai tsaya, labarin kuwa yana ɗaki. Zuwan farko gaisuwa ce da neman izini, ba a fito da na'ura. A yi hirar da hantsi, kada ta wuce minti 45. Tsohuwa in ta gaji sai ta koma "haka ne, haka ne". A kashe fanka, a rufe kaji, a aje wayar kusa da bakinta. Kada a tambaye ta shekara, ba da ita take lissafi ba. A ce mata kafin juyin mulkin Kunce ne ko bayansa, kafin yunwar 1984 ko bayanta. In ɗanta ya zauna kusa, shi zai dinga amsawa, sai a lallaba a sallame shi.

Hoto da katin jam'iyya a ɗauke su da waya nan take, a miƙa wa mai su. Abin da aka ara ba ya komawa, kuma daga nan maƙwabta ke rufe ƙofa. Tsohon kaset kada a kunna shi a rediyon gida: zafi ya sa zaren ya manne, sai ya tsinke.

Hirar awa ɗaya tana cin awa 5 zuwa 6 wajen rubutawa, a lissafa wa ɗalibi wannan cikin aikin kundinsa. A rubuta da Hausa ko Barbarci yadda ta faɗa, fassarar Faransanci ta biyo baya. A kwafi kowace murya wuri uku, ɗaya a ba iyalinta.

Muna fata a fara kafin 13 ga Mayu mai zuwa.

Allah ya ja zamaninka.

Daga wasu malaman tarihi na Damagaram