Wasiƙa zuwa Jidda kan takardar gwajin jinin Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Jidda? Mu nan Kaduna hazo ya sauko, fita asuba sai da rigar sanyi.

Saƙonka ya iso, kan takardar gwajin jinin Baba mai fama da nauyin ƙirji, da alamomin jini da ka karanto. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na biya Tudun Wada na gaida Baba, na karɓi takardar na duba da idona. Layin nan na MPV, wato awon girman wasu ƙwayoyin jini, da ya ɗan haura shi ya hana ka barci, ko? Kwantar da hankalinka, ka ji bayani daga bakin mai aikin ɗakin gwaji.

A cikin jini akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu tsayar da zubar jini, filetilet muke ce musu. A ɓargo ake yin su, kwana 7 zuwa 10 suke rayuwa, kuma lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita. Yawonsu suke yi ba ruwansu da kowa, sai sun tarar da rauni. To, mai ciwon jijiyoyin zuciya, kitsen da ya taru a bangon jijiyarsa yana iya tsagewa, su kuwa ba su bambance wannan tsagar da yankan wuƙa. Nan take su manne, su zazzage abin da ke cikinsu, su jawo 'yan'uwansu. Gudan jini ke nan a hanyar da dama ta ƙuntace.

Abubuwan da suke zazzagewa su ne alamomin da ka karanto: P-selektin, beta-tromboglobulin, PF4, sai tromboksen, mai sa ƙwayoyin su dunƙule, wanda ake auna ragowarsa a fitsari. Masu bincike sun sha ganin sun fi hauhawa ga wanda ciwon ƙirji ke taso masa yana zaune, fiye da wanda sai ya motsa jiki. Shi MPV girman ƙwayoyin kawai yake nunawa, manyan ne suka fi saurin harzuƙa.

Sai dai akwai abin da ba za ka gani a intanet ba sai a teburin aiki. Ƙwayoyin nan ba su da haƙuri ko kaɗan. A ɗaure dantse da ƙarfi, ko a yi ta laluben jijiya da allura, tun jini bai kai kwalba ba sun zubar da kayansu, sai sakamako ya fito sama alhali aikin allura ne. Jinin da ya jima a kwalbar nan mai murfin shunayya kuma, ƙwayoyinsa kumbura suke yi, MPV ya tashi. Kowace na'ura ma da irin awonta. Saboda haka kuɗin da ka ce za ka turo a nemo gwajin P-selektin, ka riƙe abinka. Gwajin masu bincike ne, likita ba zai sauya wa Baba magani a kansa ba. Abin da ake dubawa shi ne ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, gwajin jini na turofonin idan ana zargin tsokar zuciya ta taɓu, sai hawan jini, suga da kitsen jini.

Abin da ya fi damuna yana cikin ledar magungunansa. Asfirin ɗinsa kusan bai taɓu ba, wai yana ƙona masa ciki, ga kuma ibufurofen da ya sayo a kemis don gwiwa. Asfirin yana kashe sinadarin da ke haɗa tromboksen ne har ƙarshen rayuwar ƙwayar. John Vane ya gano yadda yake aiki a 1971, har ya samu kyautar Nobel a 1982. Amma ɓargo kullum sababbi yake turowa, shi ya sa ake sha kullum. Ibufurofen kuma yana iya tare wa asfirin hanya, ya ƙara cin ciki. Na roƙe shi ya kai wa likitansa ledar gaba ɗaya, shi zai yanke hukunci. Ka san Baba, maganarka ta fi tawa shiga, ka kira shi.

Yanzu dai nauyin ƙirjin sai ya yi sauri zuwa masallaci yake zuwa, in ya tsaya ya lafa. Na gaya wa Hajiya da ƙanenka, in ya zo masa a zaune, ko ya ƙi sauka, ko ga gumi da ciwo har hannu ko muƙamuƙi, kada a tsaya jiƙa komai, kada a jira gari ya waye, asibiti kai tsaye. Na bar musu lambata.

Ka gaida maiɗakinka da yara. In ka shiga Makka ka sa mu a addu'a. Allah ya ba Baba lafiya.

Naka,
amininka na Kaduna