Wasiƙa Zuwa Gombe Kafin Tafiyar Umara

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Yaya ta shaida mini bizarku ta fito, har da jikanyarku za a tafi. Allah ya sa a je a sa'a. Abu ɗaya nake roƙonku, maganar bel ɗin kujerar jirgi.

Ba irin na mota ba ne, ba a danna masa maɓalli. Ku zura bakin ƙarfen cikin makullin sai kun ji ƙas, sannan ku ja jelar igiyar ya ɗame. Wajen kwancewa kuwa, marfin makullin ake ɗagawa. Ku gwada sau biyu tun jirgi yana ƙasa, domin a cikin ruɗu hannu maɓallin mota yake nema.

Bel ɗin ya zauna a kan ƙashin ƙugu, kada ya hau ciki. In ya hau ciki, ko ya yi sakwa-sakwa, fizga ɗaya sai ya matse hanji, ko mutum ya sulale ta ƙarƙashinsa. Baba, a tattare babbar riga tukuna, a ɗaura bel ɗin a samanta. Inna, a saman hijabi da bargo, yadda ma'aikatan jirgi za su gani ba sai sun tashe ku ba. In ya yi kaɗan, akwai ƙari a wurinsu, tambaya kawai za ku yi.

Ko fitilar da ke nuna a ɗaura bel ta mutu, kada ku kwance. Akwai gargadar iska da take zuwa sararin sama garau, na'urar matuƙi ba ta hango ta. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singafo da ya taso daga Landan ya rikito mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Waɗanda ba su ɗaura ba suka bugi rufin jirgi, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni a kai da ƙashin baya. Saboda haka in lokacin salla ya riske ku fitilar tana kunne, ku yi ta a zaune.

Yarinyar ba ta kai shekara 2 ba, a cinya za ta zauna. Jirage da yawa suna ba da ƙaramin bel da ake saƙalawa a na babba. Kada a haɗa ku cikin bel ɗaya, nauyin babba zai danne ta. Goyo ma a sauke kafin a zauna.

A gaishe mini da Kawu da mutanen Jekadafari. A saka ni a addu'a wajen ɗawafi.

Ɗanku,
daga Doha