A koya wa yaran karkara ilimin kwamfuta ko da babu wuta

Assalamu alaikum, Edita.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a yankin Ringim, jihar Jigawa. A shirinku na makon jiya na ji baƙonku yana cewa ɓata lokaci ne koyar da ilimin kwamfuta a ƙauye, tunda ba wuta, ba na'ura. Maganar ta tsaya mini a rai, don a ganina bai bambance na'urar da aikin da take yi ba.

Aikin nata shi ne bin ƙa'ida daki-daki, kowane mataki a fayyace, har a kai ga amsa. Kwanan baya na zauna kusa da limamin garinmu yana rabon gado. Bayan an biya bashi, naira 240,000 ta rage. Ya fitar wa matar mamacin tumunin takaba, 30,000. Sauran 210,000 ya kasa bakwai, don 'ya'yan maza uku ne da mace ɗaya: kowane namiji 60,000, ita kuma 30,000. Da yatsa ya zana shi a kan rairayi. Duk wanda ya bi matakan nan, malami ne ko na'ura, amsar nan zai samu.

Abin kuwa yana da asali a wajenmu. Alkawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza, ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. Daga sunansa Turawa suka samo kalmar algoridim, wato jerin matakan da ake bi daki-daki har a kai ga amsa. A 1936 ma, da Alan Turing na Ingila ya zo fayyace mene ne lissafi, ba a ƙera kwamfutar zamani ba tukuna. Mutum mai takarda da fensir ya duba: ya karanta alama ɗaya, ya goge ko ya rubuta wata, ya matsa dama ko hagu yadda ƙa'ida ta ce. Har Turing ya tabbatar akwai tambayoyin da ba wata ƙa'ida da za ta warware su.

Amma mu, kullum haddar sunayen sassan kwamfuta muke sa yara, abin da ko taɓawa ba su taɓa yi ba. Wallahi abin yana damuna. Ɗalibaina yanzu da duwatsu da alli suke jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, suna rubuta matakan da suka bi, wani ya karɓa ya gwada ko za su ɓulle.

Ina roƙon ku sake gayyato baƙon nan, ku haɗa shi da malamin da ya san rabon gado.

Naku,
Wani malamin makaranta, daga yankin Ringim